Ranar da Na Riƙe Hannun Kakanku

Na san abin da ake faɗa muku a gidan kakanninku na wajen uwa. Duk sallah sai an tayar da maganar, a ce babanku ya daka wa surukinsa tsawa a bainar jama'a saboda ƙarfe. Ban taɓa musawa ba, yanzu ma ba musawa zan yi ba. Na daka masa tsawar, har hannunsa na riƙe. Abin da ke ba ni haushi shi ne masu ba ku labarin daga wutsiya suke ɗauko shi, ba wanda ya taɓa gaya muku abin da na haɗiye wata huɗu kafin ranar. Kakanku Malam Tanimu ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, ni ma idona ya fara rauni, to gara in rubuta muku da hannuna tun ina ganin layin takarda.

Shekarar da aka haifi 'yar'uwarku Sadiya ce. Ina acaba a Ikara, bayana ya fara ciwo, abin da muke nomawa kuma ba ya kai mu bazara. Ummanku tana da saniya guda da ake yi mata kiwo a ruga, ita ce duk abin da ta mallaka a duniya. Ita da bakinta ta ce a sayar a sayo injin wanke mota, tunda manyan motoci ba sa yankewa tsakanin Ikara da Makarfi da Kudan, kuma har lokacin da bokiti da tsumma ake wanke su. Na je Zariya na ɗauko shi: ɗan ƙaramin inji ja mai shan fetur, da famfo a gindinsa, da dogon tiyo da bindigar feshi. Ku gane wannan tun yanzu, don shi ne kan maganar. Injin nan saniyar uwarku ce, kuma shi ne tuwonku. In ya mutu ba mu da abin sayen wani.

Kafin in tayar da shi ko sau ɗaya na kai wa Bitrus ya duba. Bitrus bakanike ne na janareto da injin ban ruwa, mutumin kudancin Kaduna, ya daɗe a Ikara har Hausarsa ta fi tawa zaƙi. Ya zagaya injin, ya leƙa nan ya leƙa can, sannan ya tambaye ni a ina zan kafa shi. Na ce ba kafawa zan yi ba, bin motocin zan riƙa yi da shi a bayan babur. Sai ya ajiye sufana ya dube ni.

"To Sale, buɗe kunnenka. Irin wannan injin ba aiki ke kashe shi ba, hanya ce. In ka gama wanki, ka rufe makullin mai tun ruwa na haɗe, ka bar shi yana ci har ya shanye wanda ke cikin kafireto, ɗan kokon nan da ke ba shi mai, ya mutu don kansa. In ba haka ba, gargadar hanya za ta sa fetur ya yi ta tsiyaya yana gangarawa cikin baƙin mai. Ka bari ya huce, ka zubar da ruwan famfo. Sannan a tsaye za ka ɗora shi. Ka ji ko? A tsaye! Ranar da ka kwantar da shi a gefe, baƙin mai zai bar wurinsa ya bi inda ba a aike shi ba, ka zo nan kana yi mini kuka."

Na riƙe maganar nan kamar karatu. Na sa kafinta ya yi mini katako mai baki huɗu daidai gindin injin, na ɗaure shi a kariyar babur har ya ci rabin kujerar baya, na yanko roba daga tsohon tayar mota ina ɗaurewa ta gaba da ta baya. In na zo rami sai in rage gudu kamar mai ɗauke da ƙwai. Abokaina 'yan acaba suka sa masa suna, in na wuce sai ka ji ana, ga Sale da jaririnsa. Ko a jikina. Wata biyu ina zirga-zirga, ja ɗaya nake wa igiyar ya tashi.

Yanzu ga kakanku. Kada ɗayanku ya ɗauka ban ƙaunace shi ba. Mutumin nan ya ba ni 'yarsa ba ni da ko tabarmar kirki, ya yanka mini fadama a gonarsa, bai taɓa kirana da wani suna ba sai ɗana. Amma yana da hali guda. Da ƙuruciyarsa ya yi fatauci da jakuna, kuma a duk ƙauyensu, wanda ke ɗan nesa da titin Makarfi, ba wanda ya kai shi iya ɗaurin kaya. Da wannan yake taƙama. Ba zai ga kaya a kan jaki ko amalanke ko babur ya wuce ba, sai ya tsayar da mai shi ya kwance ya sake ɗaurewa, kuma sau tari gaskiyarsa ce. Ni kuwa surukinsa ne, mijin 'yarsa ta fari. Ku 'yan zamani da kuke zama kujera ɗaya da surukanku kuna kallon ƙwallo ba za ku gane ba. A gabansa takalmi nake cirewa in durƙusa, idona a ƙasa. Ba na cin abinci inda yake, ba na ɗaga murya. Duk abin da ya ce, amsata ɗaya ce: to, Baba.

Wata ranar kasuwar Makarfi na taho da injin, sai na hango shi tsaye a mararrabar ƙauyensu da buhun barkono. Na tsaya, na sauka, na durƙusa. Muka gaisa, ya tambayi gida da mai jego da jaririya da gajiya da aiki, na tambayi Inna kakarku da gona da dabbobi. Muna gamawa idonsa ya sauka kan kariya.

"Wa ya ɗaura maka wannan kayan, ɗana?"

"Ni ne, Baba."

"Haba! Ai kaya mai tsayi shi ke kayar da mai shi. Ka tsayar da abu ƙerere kamar rumbu? Matsa ka gani."

Ina durƙushe ina kallo ya kwance robar nan, ya zare katakon, ya kama injin ya kwantar da shi a gefe kamar ragon da za a kai kasuwa. Ya ɗora katakon a kai, ya aza buhunsa, ya ɗaure tam, har wurin zamansa ya fito. Maganar Bitrus tana ta yi mini ƙara a kunne. In ce me? In ce wa Malam Tanimu bai iya ɗaurin kaya ba? Abin da ya fito daga bakina shi ne, to, Baba, an gode. Muka hau. Duk ramin da muka faɗa sai in ji kamar a cikina ake zuba man, shi kuwa yana baya yana ba ni labarin wani jakinsa mai taurin kai.

Na sauke shi a bakin kasuwa na wuce inda motoci ke tsayawa, wani direba yana jirana. Na miƙar da injin tsaye, na ja igiya, ta ƙi motsi kamar an kulle ta. Na cire fulogi na sake ja, sai ga baƙin mai ya yi tsartuwa har gaban rigata. Iyakilina kuwa, soson nan mai tace iska, ya jiƙe sharkaf. Na goge, na matse, na mayar. A nan zan faɗi nawa laifin, don ba wanke kaina na zauna yi ba: direban yana tsaye a kaina yana duba agogo, sai ban tsaya na auna abin da ya rage na baƙin mai a ciki ba. Injin ya tashi, ya turnuƙe wurin da farin hayaƙi, masu shayi suna tari suna dariya, wani yana cewa Sale maganin sauro ka kawo mana ne? Ban kai rabin motar ba na ji ƙwal-ƙwal-ƙwal, sai tsit. Injin ya buga.

Bitrus bai ko bari na gama bayani ba. Ya shinshina iyakilinan ya jefar.

"Ka kwantar da shi."

"Ba ni ba ne, surukina ne."

"Kana ina?"

"Ina wurin."

"Kana wurin! Bakinka fa, aro ka bayar? Yo ni ina ruwana da surukinka, shi zai sayo maka fiston? Wallahi Sale ku Hausawa kunyarku sai ta kashe ku wata rana. Ka gode wa Allah abin bai fasa gidan injin ba. Wannan karon zai gyaru. In aka sake, ka kai wa masu gwangwan su auna."

Sati uku injin yana kwance a shagonsa, akuyoyin Ummanku biyu suka bi bayan saniya. Ban ɓoye mata komai ba. Na ce, Ladi, tunda ni ba ni da bakin magana, ke ki je ki gaya wa Baba, cikin ladabi, cewa injin nan ba a kwantar da shi. Ta zaro ido.

"Ni? In je in dubi Baba in ce ɗaurinsa ne ya kashe inji? Malam, rufa mini asiri. Sai dai in gaya wa Inna, ita ta san yadda za ta ɓullo masa."

Ta gaya wa Inna. Inna ta ga maganar ta yi mata nauyi, ta rage mata kaifi ta miƙa wa ƙanen kakanku. Shi kuma ya ƙara mata zuma. Kun san abin da ya isa kunnen tsohon? Wai Sale yana gaisuwa, ya ce injin nan yana da wuyar ɗauka, yana godiya da yadda aka gyara masa kaya rannan. Ina dalili! Mutum huɗu, manya, masu hankali, kowa ya san gaskiya, aka rasa mai faɗa. Bayan kwana biyu sai ga saƙo daga kakanku da ƙwaryar gyaɗa, wai a gaya wa ɗansa ba komai, duk ranar da suka haɗu zai koya masa ɗaurin sosai. Na zauna ina kallon gyaɗar nan, na rasa dariya zan yi ko kuka.

Daga nan na koma ɓarawon hanya. Ranar kasuwa sai in bi ta cikin gonakin rake, in yi zagaye mai nisa, ƙaya tana yagar mini wando, don kawai kada in bi ta mararrabar. Ni da babur ɗina, ni da injina, ina ɓuya kamar wanda ya yi sata. Ummanku tana ganin haka take cewa, ka ga ai an samu mafita. Mafita! Haka muka yi wata uku, kowa ya yi shiru, kowa yana ganin ya kyauta.

Da kakar tumatir ta kama, wani mai motoci a Kudan, Alhaji Garba, ya aiko a kira ni. Motocinsa suna kai shanu kudu, in sun dawo sai an wanke su fes kafin a loda kwandunan tumatir, in ba haka ba masu kaya ba sa yarda. Aikin kaka guda ne cur, irin wanda mai inji yake mafarki. Amma labarin hayaƙin Makarfi ya riga ni isa wurinsa.

"Gobe da hantsi motoci za su iso, da la'asar za a yi lodi. Gwaji ɗaya zan yi maka. In ka makara, ko injinka ya yi halinsa na rannan, akwai wani a Zariya, waya kawai zan buga."

Na dawo na canza baƙin mai, na wanke fulogi, na rufe makullin mai, na ɗaure injin a tsaye a kan katakonsa. Da safe na duba rana na ga in na bi ta gonakin rake ba zan isa Kudan da hantsi ba. Dole titi. Kuma ranar kasuwar Makarfi ce. Tun daga nesa na hango mararrabar cike da masu jiran mota, maza da mata da kaji da buhuna, ga kakanku a gaba da farar hularsa, ya riga ya ɗaga mini hannu. Na rantse muku na yi tunanin in sunkuyar da kai in wuce kamar ban gan shi ba. Ƙafata ce ta ƙi.

Muka gaisa, gaisuwar da ban taɓa jin tsawonta ba sai ranar. Na yi dabara na ce, Baba, bari in tsayar maka da wani mai babur, yau kayan nawa da yawa.

"Ina da ɗa mai babur in hau na haya? Mutane su ce me? Kai dai har yanzu ba ka koyi ɗaurin nan ba. Yau zan nuna maka, ka zuba ido."

Ya juya wajen jama'a yana murmushi, yana cewa yaran yanzu sai a hankali, ya sa hannu ya kwance robar gaba. Na ce, Baba, a bar shi haka. A hankali na faɗa, idona a ƙasa, ko ni da ƙyar na ji muryata. Ya kwance ta baya. Na ce, Baba, don Allah. Bai ji ba, ko ya ji ya ɗauka kara ce irin ta suruki da ba ya son a wahala. Ya kama ƙarfen saman injin ya fara karkato shi. Na ga jan tankin nan yana tafiya gefe, na tuna saniya, na tuna akuyoyi, na tuna Alhaji Garba da wayarsa. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Kai! Sake shi! Za ka sake kashe mini shi ne?"

Sai da maganar ta fita na ga hannuna damƙe da wuyan hannunsa. Wata tsohuwa ta ce, la'ilaha illallahu. Kakanku bai dubi fuskata ba, hannuna ya tsaya kallo.

"Sakar mini hannu," ya ce, a hankali.

Na sake shi. Ya mayar da injin tsaye a kan katakon, ya ɗauki robar ya ɗaure gaba da baya, ɗaurin da har yau ban iya irinsa ba. Ya ɗauki buhunsa ya koma can ƙarshen jama'a ya tsaya yana kallon titi. Ya kamata in zube a gabansa in ba shi haƙuri a lokacin, na sani. Amma rana tana ɗagawa, motoci suna hanya. Na hau babur na tafi Kudan. Wannan ma ku rubuta shi a kaina, ni na zaɓa.

Ja ɗaya injin ya tashi. Ko ɗigon hayaƙi babu. Na wanke motocin nan har katakon cikinsu yana ƙyalli, Alhaji Garba ya shiga da farar riga ya fito da ita fara, ya ce aikin naka ne. Kaka tara ina yi masa. Da shi aka yi rufin kwanon gidan nan, da shi kuka yi makaranta. Amma ranar ina feshi ina jin wuyan hannun tsohon nan a tafina, ashe ƙashi ne kawai da fata.

Da la'asar sakaliya na dawo. Ina isowa mararrabar na hango shi ya sauka daga mota ya kama hanyar ƙauye, da ƙullin gishiri da wata sabuwar fartanya a kafaɗa. Na bi shi na tsaya a gefensa na ce, Baba, a kawo kayan. Bai waiwayo ba. Sai na kashe babur na sauka, na cire takalmi na rataya, na riƙa tura shi a bayansa. Haka muka tafi, shi a gaba ni a baya, ga yashi ga nauyin inji, gumi yana shiga idona, mutane a gonaki suna miƙewa suna kallonmu. Haka har ƙofar gidansa. A nan na jingine babur na durƙusa, na ce na yi kuskure, zuciya ce ta ɗebe ni, ya yafe mini. Sannan na gaya masa komai, yadda baƙin mai ke bin inda ba a aike shi ba, da abin da ya faru a Makarfi, da sati ukun da injin ya yi a shago, da akuyoyin 'yarsa. Ya saurara har na gama.

"Ashe ni na kashe shi rannan."

Na ƙara sunkuyar da kai.

"Kuma kowa ya sani. Ladi ta sani, uwarta ta sani, ƙanena ya sani. Ni kaɗai nake yawo ina gaya wa mutane na gyara wa ɗana kaya." Ya ajiye fartanyar. "Da ka faɗa mini a ranar, mu biyu ne a kan titi. Haƙura zan yi in jira mota, ba wanda zai ji. Na yafe maka tsawar. Tashi ka tafi, kada dare ya yi maka."

To kun ji. Wannan ɓangaren ne ba a ba ku a gidan kakanninku, don duk wanda zai ba da shi sai ya faɗi nasa rabon a ciki. Sun fi son a tsaya a kan tsawa, ta fi sauƙin faɗa. Har gobe in na tuna raina yana ɓaci, da su, da Ummanku Allah ya ba ta haƙuri, da shi kansa tsohon da ba ya ganin kaya ya ƙyale, amma ya fi ɓaci da mutumin da ya durƙusa a titi ya ce to, Baba, an gode.

Ya yafe ɗin kuwa, ba a baki kawai ba. Ya zo sunan ɗan'uwanku Aminu, bai karɓe fadamarsa ba, bai daina ce mini ɗana ba. Abu ɗaya ne bai sake yi ba. Na daina bin gonakin rake, duk ranar kasuwa ta mararrabar nake bi, wani lokaci da gangan nake barin injin a gida don kujerar ta zama babu kowa. In na same shi sai in tsaya, in sauka, in durƙusa, mu gaisa har ƙarshe. In na ce, Baba, bismilla, sai ya yi murmushi ya ce, wuce ɗana, aiki na jiranka, mota na nan tafe. Shekara bakwai ina tsayawa, shekara bakwai yana cewa in wuce, har Allah ya karɓi abinsa. Har yau in na zo mararrabar nan ƙafata takan taka birki da kanta.